Tauren Madam da Kwanon Maman Estelle

Duk wanda ya zauna a unguwar Yelwa ta Garwa ya san gidan mishan mai koriyar ƙofa, ya kuma san Turawan da ke ciki ba su ne masu gidan ba. Su baƙi ne. Sukan iso da sanyin Nuwamba da manyan akwatuna da hulunan rana, zafin Maris ya kori rabinsu, sauran su jure 'yan shekaru su tafi suna kuka a filin jirgi. Wadda ba ta tafiya ita ce mai dafa musu abinci, Pélagie, wadda unguwa ke kira Maman Estelle.

A kan duwatsun bayan Gider aka haife ta, gidan wani manomin gero da ke karanta Littafi a majami'a ranar Lahadi. Ta auri Laurent, ta bi shi Pitowa inda yake aikin gurzar auduga, har ƙurar audugar ta cinye masa ƙirji. Bayan an binne shi ta goya 'yarta Estelle ta shigo Garwa, don ta ji an ce mishan na neman mai girki wadda ba ta da surutu. A ranar aka ɗauke ta, domin duk tambayar da aka yi mata amsa ɗaya ta bayar: "Wi, Madam."

Da wannan amsa ta ci ta sha har Estelle ta zama budurwa. Sai dai wi ɗin Pélagie, wato "eh" da Faransanci, ba yarda ba ce. Ma'anarta kawai ita ce na ga bakinki ya motsa. Wata Madam ta taɓa hana sa magi a miya, ta ce guba ce. Pélagie ta ce wi, ta mayar da magin cikin gwangwanin madara, Madam ɗin ta yi shekarunta tana yabon ɗanɗanon abinci marar sinadari. Kowace sabuwar Madam kuwa sai ta koya mata wanke hannu. Pélagie takan tsaya gaban famfo ta buɗe ido, kamar yau ta fara ganin sabulu, don ta lura ɗan mishan da bai sami wanda zai koya wa abu ba ramewa yake yi. Hotonta na rataye a majami'un ƙasashen da ba ta san sunansu ba: ga ta riƙe da gidan sauro, ga ta sanye da tabaraun da idonta ba ya buƙata.

Abu ɗaya take taƙama da shi a duniya, shi ma ba a cikin gidan mishan yake ba. Layinsu kusan duk Musulmi ne, Hausawa 'yan kasuwa da kakanninsu suka zo da fatauci daga Kano da Katsina suka zauna, sai Fulani jefi-jefi. Da Layya nama ke shigo mata ta kowace ƙofa. Da Kirsimeti, wanda a nan ake ce wa Nowel, ita ke fitarwa. Tun shekararta ta farko ta gane yadda ake yi: da sassafen Nowel ta ja akuyar da mishan ta saya zuwa ƙofar maƙwabcinsu Malam Mahamat, mai sayar da atamfa a babbar kasuwa, ya fuskanci alƙibla, ya yi bisimilla, ya yanka. Turawan su ke saye, su ake wa godiya, ba kuma wanda ya taɓa tambayar inda akuya ke zuwa da safe.

Akwai Kiristocin da idan kwanonsu ya shiga gida ake karɓa da hannu biyu, a yi godiya, a jira su fita, sannan a yi raɗa: "Wa ya yanka?" Na Pélagie ba a tambaya. Hajiya Rahma, matar Malam Mahamat, ta taɓa faɗa a taron suna, gaban mata cike da tsakar gida: "Kwanon Maman Estelle ko da ido rufe." Ga 'yar dutse, gwauruwa, wadda ba ta da dangi ko taƙin ƙasa a Garwa, wannan maganar ita ce gonarta, ita ce gidanta.

Sai Madam Ingrid ta zo.

Doguwa ce, nas mai ritaya daga wata ƙasar sanyi, rana ta gasa mata wuya ya yi ja kamar tattasai. Da asuba takan fita gudu da gajeren wando daidai lokacin da maza ke dawowa daga masallaci, sai ka ga dattawa duk sun sami abin dubawa a ƙasa. Ta dawo ta yi addu'a, ta yi darasin Fulatanci, ta fito tana jefa wa kowa "Jam na?" ba ta jiran amsa, don ta ga amsar ba ta ƙarewa. Ranar Talata tana auna jarirai a ƙaramin asibitin mishan. Ranar Alhamis tana koya wa zawarawa ɗinki, matan da suka ɗinke kayan auren 'ya'yansu da hannu, su kuwa su zauna su karkata allura don kar ta ji kunya. Ranar Asabar ta sa safar hannu tana tsince ledoji a layi, iskar kogin Binuwai na mayar mata da su ta baya. Da yamma ta zauna a baranda ta rubuta wa majami'arsu labarin duk abin da Ubangiji ya yi ta hannunta a makon.

Ba muguwa ba ce, wannan ne ma wahalar. Zafin Maris bai kore ta ba. Lokacin da amai da gudawa suka shiga bayan kasuwa ita ce ta tsaya kan yaran har ƙafafunta suka kumbura. Mugun mutum kana iya tsanarsa ka huta.

Nowel ɗinta na farko zazzaɓin sauro ya kwantar da ita, ba ta ga komai ba. Layya ce ta buɗe mata ido. Ta leƙa ƙofa ta ga raguna kwance a layi, jini na bin kwata, ta koma ciki ta yi kwanaki ba ta iya kallon miya. Bayan damina ta sa Georges, direban mishan, ya kai ta kasuwar Pitowa, ta sayo taure baƙi mai farin goshi don a yi kiwonsa kafin Nowel. Kafin su iso gadar gari ta raɗa masa suna Oskar.

Oskar ya ga duniya. Biskit yake ci, a baranda yake kwana, ya cinye rabin littafin waƙoƙin Madam aka ce wayo ne. A bayan ɗakin Pélagie kuwa akwai wani tauren, ja, ba shi da suna, harawa da ɓawon ayaba yake ci. Wannan nata ne. Tun yana ɗan ƙarami take kiwonsa don bikin Estelle, da za a yi bayan sabuwar shekara da Raphaël, malamin makaranta, wanda danginsa na Gider mutane ne masu auna biki da ƙashin da ya rage a faranti.

Ana saura 'yan kwanaki Nowel Madam ta shigo madafa ta tsaya bakin ƙofa.

"Pélagie, na yi tunani, na kuma yi addu'a."

Pélagie ta ajiye ludayi. Ta san duk abin da ya fara da wannan maganar aiki ne.

"Oskar ba zai ga wuƙa da idonsa ba. A ƙasarmu sai an sumar da dabba tukuna. Georges zai buga masa guduma a goshi, ya suma, sannan a yanka. Ba zai ji komai ba. Ki dafa, a kai wa maƙwabta kamar yadda kika saba. Kin ga ko dabba ma za ta yi shaidar jinƙai."

"Wi, Madam."

Ta ci gaba da yankan albasa hankalinta kwance. Da sassafen Nowel, Madam na can wurin gudunta, za ta ja Oskar zuwa ƙofar Malam, ta dawo ta ce ya tafi cikin barci. An yi haka da magi, an yi da abubuwan da suka fi magi.

Jajibirin Nowel da la'asar ta tafi majami'a gwajin waƙa. Ta dawo kafin magariba tana 'yar waƙarta a hanci, ta tarar da Georges ƙarƙashin mangwaro yana fiɗa, baƙar fata shimfiɗe a ƙasa. Madam na baranda da jan ido da hankici a hannu.

"Maman, kar ki kalle ni," in ji Georges tun ba ta yi magana ba. "Ta ce ba za ta iya kwana tana kallonsa yana kallonta ba, gara a gama."

"Ya suma?"

"Ya suma suman da ba a tashi. Ni hannuna na kwance taya ne, ba na likita ba. Ko shurawa bai yi ba. Da na sa wuƙa, jinin ma sai da na lallashe shi."

Pélagie ta hau baranda. Rabon da ta fara yi wa Baturiya magana ba a tambaye ta ba, ita ma ba ta tuna.

"Madam, wannan naman ba zai shiga unguwa ba."

"Saboda me?"

"Mushe ne. Musulmi ba sa ci."

"Mushe? Na riƙe kansa, mun yi addu'a!" Madam ta share hanci, ta dube ta da mamaki na gaskiya. "Ai na faɗa miki yadda za a yi, Pélagie. Na tambaye ki. Kika ce wi."

Abin da ta daɗe tana shukawa ne ya tsiro mata a tsakar gida.

"Nama nama ne," in ji Madam a hankali, ta dafa mata hannu. "Idan ya shiga miya wa zai gane? Ke da bakinki kika ce mini kwanonki ba a tambaya. Bai kamata Oskar ya mutu a banza ba."

Ta faɗe shi ne kamar mai cewa a ƙara gishiri. Matar da ta haye teku don ta koya wa mutane gaskiya ba ta ji komai ya motsa a bakinta ba.

"Wi, Madam," in ji Pélagie, don bakin ya riga ta.

Da safe ta tsaya bayan ɗakinta tana kallon jan tauren, shi ma yana kallonta yana tauna. Maganar Madam ba ƙarya ba ce, ba wanda zai gane. Georges ana iya toshe bakinsa da cinya ɗaya. Barkono da citta da tafarnuwa ba su san mushe ba. Kuma wa ya ce ita ce ta buga gudumar? Ta tuna gwaggon Raphaël, wata mai ƙaramin ido da ta zo gaisuwa ta wuce kai tsaye bayan ɗaki ta tattaɓa haƙarƙarin tauren kafin ta gaida amarya.

Muryar Hajiya Rahma ta tsallako katanga.

"Maman Estelle! Ko kin yi Nowel ɗin a gado ne? Malam ya wasa wuƙa yana jira, kar ki sa ya makara kasuwa. Ga 'yarmu Fadimatu nan da cikinta tun jiya take ambaton miyarki, kar ki sa ta haifa mana mai dalalar miyau!"

Pélagie ta sunkuya ta kwance igiyar.

Estelle ta fito da buroshi a baki. "Mama, ina za ki da shi? Na bikina ne!"

"Za a yi biki."

"Da me? Dangin Raphaël za su cinye ni ɗanya!"

"Binuwai ta ƙafe ne? Akwai kifi. Raphaël ke zai aura ko taure?"

A ƙofar gida Malam Mahamat ya naɗe hannun riga, ya dubi dabbar sama da ƙasa.

"Oskar ya rame, Maman Estelle. Har ya yi ja."

"Biskit ne bai karɓe shi ba, Malam."

Malam ya shafa gemu. Ya juya tauren alƙibla, ya yi bisimilla.

Tukunya biyu ta ɗora ranar. Oskar ya dahu a kan gas ɗin Madam, Georges ya kai shi majami'a inda Madam ke fama da yaran wasan Nowel, makiyaya masu gemun auduga suna dambe da mala'iku. Can aka cinye shi da tafi. Jan tauren kuwa ya dahu a murhun Pélagie, a tukunyarta, shi ya shiga kwanonin unguwa. Madam ta dawo a guje ta ɗaura wa kowane murfi 'yar takarda mai aya da zanen tauraro, ta leƙa miyar jan tauren, ta ce, "Sai wata rana, Oskar," ta koma ɗaki ta ci burodi da fiya.

Kwanon gidan Malam Pélagie da kanta ta kai. Hajiya na kan tabarma, Fadimatu na gefe ta miƙe ƙafa. Hajiya ta buɗe, ta yi bisimilla, ta sa hannu, ba ta tambayi komai ba. Hankalin Pélagie ya kwanta, ta ji ko kifin bikin ma zai yi daɗi. Sai Hajiya ta tsotse ƙashi ta fashe da dariya.

"Kai, Georges ɗinku ya kamata a sa shi a talabijin. Jiya a wurin mai shayi har faɗuwar Oskar ya gwada, ya wuntsila ƙafa sama. Malam ya ce sai da shayi ya fito masa ta hanci."

Pélagie ta daina murmushi. "Kun sani?"

"Tun magariba. Wa bai sani ba? Har masu babur sun ji."

"Kika leƙo ta katanga kina ce mini Malam ya wasa wuƙa."

"To ƙarya na yi? Ya wasa."

"Da wancan na kawo fa, Yaya?"

Hajiya ta lashe yatsa, ta miƙa wa Fadimatu tsoka. "Da mun karɓa da hannu biyu, mun gode, mun ce Allah ya maimaita mana. Mu ba 'yan mutunci ba ne? Baɗi ma mu karɓa mu gode. Karnukan bakin kwata dai da sun san an yi Nowel."

Pélagie ta kalli kwanon. Ido rufe, in ji Hajiya a taron suna. Ashe ɗaya ne a rufe.

"Da kin faɗa mini kun ji, ai da ban tsaya ina shawara da taure ba."

"Da ke kin faɗa wa Baturiyarki tun farko, da taurenki na nan yana cin harawa. Ba ki da baki ne? A kasuwa kina ciniki har mai kifi ya yi kamar zai yi kuka, amma da kin ga farar fata sai wi, wi, kamar ƙyauren da ba a sa wa mai ba. Zauna ki ci, naki ne."

Ta zauna ta ci. Naman ya yi taushi, abin haushi.

Kwanonin sun dawo da yamma, ba ko ɗaya da ya dawo wofi: wannan dabino, wancan gyaɗa, wani sabulun wanka. Takardun ayar ma sun dawo ɗaure a murfinsu yadda suka tafi, naman ne kawai bai dawo ba. Madam ta jera su a baranda ta ɗauki hoto. A labarin wannan makon ta rubuta wa majami'arsu cewa wani ɗan taure mai suna Oskar ya buɗe ƙofofin da wa'azi bai buɗe ba.

An yi bikin Estelle da kifi. Gwaggon Raphaël ta ɗaga kan kifi a faranti ta tambaya da ƙarfi ko 'yar masunta aka ba su ba a faɗa musu ba. Hajiya Rahma ta zo da matan layi cikin anko, da babbar tukunyar shinkafa, ta zauna a gaba ta ci kifin tana yabo yadda har na baya za su ji. Taure dai ba ta kawo ba. Pélagie ta lura, ta kuma lura ba ta da bakin tambaya.

Zafi ya fara shigowa lokacin da Madam ta sake tsayawa bakin ƙofar madafa.

"Pélagie, na yi tunani, na kuma yi addu'a. Zawarawan nan ɗinki kaɗai ba zai riƙe su ba. Me zai hana mu yi kiwon aladu a bayan gida? Suna haihuwa da yawa. Can jikin katangar Malam Mahamat akwai inuwa."

Pélagie ta ji wi ɗin ya taso ya zo har bayan haƙora. Ta haɗiye shi.

"A'a, Madam."

"A'a?"

"A'a. Ko ɗaya. Ko hotonsa."

Madam ta tsaya tana kallonta, idonta ya ciko. Ta rungume ta da ƙarfi har ludayi ya faɗi. Ta ce wannan ranar take jira. Ta ce tun zuwanta take addu'a, take aiki a hankali, don Pélagie ta sami muryarta, ga shi Ubangiji ya amsa. Dole mutanen gida su ji wannan. Ta ruga ɗaki ta ɗauko waya.

Pélagie ta ɗauki ludayin ta wanke, ta gyara ɗankwali, ta tsaya inda haske yake, don ta san wurin.

"Ɗaga kai kaɗan," in ji Madam. "Yawwa. Yi murmushi."

"Wi, Madam."